Riƙon da Ke Tsakanin Rodi da Kankare: Abin da Ke Ɗauke da Miliyoyin Alhazai a Makka

Ranar goma ga Zulhijja, tun rana ba ta ɗaga ba, hanyoyin Mina sun cika maƙil. Alhazan da suka kwana a Muzdalifa suna kwararowa ta kowace fuska, kowa da 'yan tsakuwoyinsa a hannu, baki ba ya hutawa da talbiyya, duk an nufi wurin jifa. Gadar Jamarat da ke tarbar su hawa biyar ce. Tsawonta ya kusa kilomita guda, faɗinta wajen mita 80, an kuma tsara ta yadda mutum kusan dubu 300 za su bi ta su fice cikin awa ɗaya.

Alhajin da ke hawa na uku hankalinsa na kan ibadarsa da hannun matarsa da ya riƙe kada cunkoso ya raba su. Ba ya tunanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, kuma haka ya kamata. Akwai waɗanda aikinsu ne su yi wannan tunani a madadinsa. A lissafin injiniyoyi, daɓen da jama'a ke cunkushewa a kai, kowane murabba'in mita nasa akan ɗauka zai ɗauki wajen rabin tan, nauyin kuma mai motsi ne, yana tafiya, yana tsayawa, yana turawa.

Me ke riƙe da shi? Wani zai ce siminti, wani ya ce rodi. Ko ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Abin da ke ɗauke da gadar, da benayen ɗawafi, da otal-otal ɗin da suka kewaye Harami, shi ne riƙon da kankare ya yi wa ƙarfen da aka binne a cikinsa. Da zarar an cire katako, an yi filasta, an shimfiɗa marmara, ba mai sake ganin wannan riƙo. Fiye da shekara ɗari ke nan masana na nazarinsa, a 'yan shekarun nan kuma nazarin ya karkata ga wani sabon kwaɓi: kankare mai kwanciya da kansa ba sai an girgiza shi ba, wanda aka zuba wa gajerun zaruruwa na ƙarfe ko na roba.

Garin da gini ba ya tsayawa

Duk wanda ya je Makka sau biyu da tazarar shekara goma zai ce maka bai gane garin ba. Faɗaɗa Masallacin Harami a zamanin Saudiyya ya faro a 1955, lokacin Sarki Sa'ud. Sarki Fahad ya ƙara nasa a ƙarshen shekarun 1980, sannan a 2011 Sarki Abdullah ya aza harsashin faɗaɗawa mafi girma ta fuskar arewa. An sake gina wurin ɗawafi hawa-hawa, har masu ɗawafi a awa guda suka ninka, daga kusan dubu 50 zuwa sama da dubu 100.

A kudancin masallacin, inda sansanin Ajyad na Turkawa yake kan dutse kafin a rushe shi a 2002, yanzu benen agogo ne tsaye, mita 601, an kammala shi a 2012. A 2010 kuma jirgin ƙasan Masha'ir ya fara jigilar alhazai tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa, tafiyar wajen kilomita 18, galibinta a kan ginshiƙan kankare.

Akwai rayukan da suka salwanta a bayan wannan gudun. A Hajjin 2006, ranar 5 ga Janairu, wani tsohon masaukin alhazai a unguwar Gazza, taku kaɗan daga Harami, ya rufta, mutum sama da 70 suka rasu. Mako guda bayan haka turmutsutsu a bakin tsohuwar gadar Jamarat ya ci rayuka kusan 350. Ana gama Hajjin aka rushe gadar, aka fara wadda ake bi yau.

Gini a Makka kuwa wahalarsa daban ce. Ba a rufe Harami don ana aiki. Tsakanin Hajji da Hajji watanni ne ƙalilan, a tsakiyarsu ga cikar Ramadan. Garin kwari ne tsakanin duwatsu, fili kaɗan ne kuma da tsada, don haka gini sama yake tafiya. Benen da ya yi tsawo, ko daɓen da ake so ya miƙe da nisa ba ginshiƙi a tsakiya don kada ya tare wa masu ɗawafi hanya, dole a cika shi da rodi. Daga nan matsalar ta faro.

Yadda kankare ke kama rodi

Kankare gwani ne wajen jure danniya. Amma a ja shi ko a lanƙwasa shi, ƙarfinsa wajen kashi ɗaya cikin goma ne na wancan, nan take yake tsagewa. Ƙarfe kuma ja ne aikinsa. Shi ya sa a bim ko dakin ake jera rodi a ɓangaren da zai miƙe in nauyi ya hau. Rodi mai kaurin milimita 16, irin wanda ake ginin bene da shi a Kano, in mai kyau ne yana jure jan tan takwas zuwa goma kafin ya fara miƙewa.

To amma nauyi a kan kankare yake sauka. Sai kankaren ya miƙa wa rodi, kuma ba ta inda zai miƙa masa sai ta fatar da suka haɗu. In rodin ya sulɓe a ciki, tan goman nan ya tashi a banza.

Riƙon kala uku ne. Akwai mannewar da ruwan siminti ke yi a jikin ƙarfe in ya daskare, ita ce mafi rauni, da rodi ya ɗan motsa ta tafi. Akwai gogayya. Babban kuwa, wanda gini ya dogara a kansa, shi ne 'yan haƙoran nan masu tudu a karkace da ake fitarwa a jikin rodi tun daga masana'anta. Kankare na shiga tsakaninsu ya daskare, in aka ja rodin sai kowane haƙori ya tokare da kankaren da ke gabansa.

Tun a 1913 Duff Abrams na Jami'ar Illinois a Amurka ya wallafa gwaje-gwaje masu yawa kan wannan. A 1971 wani injiniyan Japan, Yukimasa Goto, ya yi dabarar da ta sa aka ga abin da ido. Ya tura tawada cikin kankare yayin da ake jan rodin da ke cikinsa, bayan nan ya tsaga shi, sai ga 'yan ƙananan tsagu sun fito daga bakin kowane haƙori suna bazuwa a karkace. Ashe haƙoran na tura kankare gaba, suna kuma tura shi gefe, suna neman fasa shi daga ciki. A 1973 Ralejs Tepfers, a Suwidin, ya fitar da lissafin wannan fashewa.

Saboda haka riƙo kan mutu ta ɗaya daga hanyoyi biyu. Idan kankaren da ya lulluɓe rodi mai kauri ne, ga kuma zobba sun ɗaure shi, rodin sai dai ya niƙe abin da ke tsakanin haƙoransa ya zame sannu a hankali. Idan kuwa lulluɓin siriri ne, sai ya tsage bisa tsawon rodin, riƙon ya tafi lokaci guda ba gargaɗi. Wannan ta biyun ita ce abin tsoro, kuma ta fi aukuwa inda aka goya rodi kan rodi, domin rodi mita 12 yake zuwa, gini kuwa ya fi haka. Shi ya sa ake so goyon ya kai kaurin rodin sau 40 zuwa 50. Mai milimita 16 ke nan ya hau ɗan'uwansa da santimita 64 zuwa 80.

Inda injin girgiza ba ya shiga

Duk wannan lissafi ya ginu ne kan zaton cewa kankare ya lulluɓe rodi ta kowane gefe ba kogo. A takarda haka ne. A wurin aiki, kankaren da aka saba kwaɓawa na zuwa da iska a cikinsa, sai an tura masa sandar injin girgiza kafin ya kwanta.

A dubi mahaɗar ginshiƙi da bim a ƙasan babban bene. Rodi masu kaurin milimita 32 sun taso daga ƙasa, wasu sun gitta daga fuska huɗu, ga zobba, ga wayar ɗauri. Tazarar da ta rage wani wurin ba ta kai girman tsakuwar da ke cikin kwaɓin ba. Lebura na tsaye a sama da sandar a hannu, yana neman inda zai cusa ta bai samu ba, motar kankare ta biyu tana jira, fomanin na masa tsawa. Tsakuwa ta maƙale a saman ƙarfen, ƙasa ya zauna fayau. Bayan kwana biyu a cire katako a ga ramuka, rodi na leƙe. Mai gaskiya zai fasa ya sake. Wani kuwa ya kira birkila ya shafe da filasta kafin injiniya ya iso.

Akwai wata illa da ko an cire katako ba a gani. Bayan zuba kankare, tsakuwa da yashi na nutsewa, ruwa na tasowa. In ruwan ya ci karo da rodin da ke kwance sai ya taru a ƙarƙashinsa, in ya bushe ya bar siririn kogo daidai inda ake buƙatar riƙo. Rodin da ke can sama ya fi shan wannan. Ƙa'idar ginin kankare ta Amurka, wadda ta Saudiyya ta samo tushe daga gare ta, ta ce duk rodin da aka zuba kankaren da ya wuce santimita 30 a ƙarƙashinsa, a ƙara tsawon binne shi da kashi 30 cikin ɗari.

Maganin da leburori a ko'ina suka sani shi ne a ƙara ruwa kwaɓi ya yi laushi. Yana shiga kuwa, amma ƙarfin kankaren ya faɗi, ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin rodi kuma ya ƙaru.

Dabarar da ta fito daga Tokyo

A farkon shekarun 1980 Japan ta lura gine-ginenta na kankare suna lalacewa da wuri, ƙwararrun ma'aikata kuma suna ƙaranci. A 1986 Farfesa Hajime Okamura na Jami'ar Tokyo ya kawo shawarar a yi kankaren da ingancinsa bai rataya a hannun mai riƙe injin girgiza ba. A 1988 Kazumasa Ozawa, a wannan jami'a, ya haɗa na farko.

Sirrin ba ruwa ba ne. Ana rage tsakuwa a kuma zaɓi ƙanana, a ƙara gari mai laushi kamar niƙaƙƙen farar ƙasa ko tokar kwal, sannan a sa wani sinadari da ke warware ƙwayoyin siminti su daina dunƙulewa. Kwaɓin sai ya riƙa malala da nauyin kansa, yana zagaye rodi, yana cika lungu, iska na fita, tsakuwa kuma na tafiya tare da shi ba ta ware ba.

Gwajinsa a wurin aiki abin kallo ne. A cika mazubin ƙarfe mai siffar mazurari a kan faranti, a ɗaga shi sama. Kankaren da aka saba zai tsaya tsibi ya ɗan sunkuya. Wannan kuwa bajewa yake ya yi da'ira mai faɗin santimita 55 zuwa 85. Mai gwaji zai sunkuya ya duba bakin da'irar: in tsakuwa ta kai har can, kwaɓi ya yi, in ruwan siminti ne kawai ya zagaye, tsakuwa ta taru a tsakiya, a mayar da motar.

An zuba kusan kubik mita dubu 290 na irinsa a turakun gadar Akashi Kaikyo da aka buɗe a 1998, aikin da aka yi wa lissafin shekara biyu da rabi ya ƙare a biyu. Turai ta karɓa, sannan ƙasashen Larabawa. Kafin benen Burj Khalifa na Dubai ya tashi, da irin wannan kankare aka zuba masa shimfiɗar tushe mai kaurin kusan mita huɗu.

Sai dai yana da nasa rauni. Yawan gari da siminti na sa shi ƙanƙancewa in yana bushewa, abin da ke jawo tsagu. Kankare mai ƙarfi sosai kuma in zai fashe ba ya jan lokaci. A nan zare ya shigo.

Zare a cikin kwaɓi

Maginan ƙasar Hausa ba za su yi mamakin wannan ba. Tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, da ma kafinsa, ba a kwaɓa ƙasar gini ita kaɗai. Sai an yanka ciyawa an zuba an tattake, don in ƙasar ta bushe ta so tsagewa, ciyawar ta riƙe bakin tsagar. Azara kuma ita ke ɗaukar ja a cikin baka da rufi. Ciyawa ba ta maye gurbin azara, taimaka wa ƙasa take ta riƙe azarar da kyau. Matsayin zare da rodi ke nan a kankare.

Binciken zamani a kai ya ɗauki saiti a 1963 da aikin James Romualdi da Gordon Batson a Amurka. Zaren ƙarfe na yau 'yar waya ce mai tsawon santimita uku zuwa shida, kaurinta bai wuce kusan milimita ɗaya ba, yawanci an lanƙwashe bakinta biyu don ta maƙale. Akan zuba kilo 20 zuwa 80 a kowane kubik mita. Na roba kuwa siriri ne ƙwarai kuma ba nauyi, kilo ɗaya ko biyu ya isa.

Me zaren zai yi wa riƙo? A tuna tsagun da Goto ya gani. Kowace tsaga da ta taso daga haƙorin rodi za ta tarar da wayoyi sun gitta mata hanya. Kafin ta buɗe sai ta zare su ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace na cin ƙarfi. Lulluɓin da da zai rabe lokaci guda sai ya ci gaba da matse rodin ko bayan ya tsage.

Abin da gwaji ya nuna

Gwajin da aka fi yi mai sauƙi ne. A binne rodi a tsakiyar dunƙulen kankare, a bar wurin da suka haɗu ya zama tsawon kaurin rodin sau biyar kacal. Bayan kwana 28 a ɗaura a inji a ja, ana auna ƙarfin da aka sa da yadda rodin ke zamewa.

A kan kankare mai kwanciya da kansa, akasarin bincike ya tafi a kan cewa riƙonsa ya kai na wanda aka girgiza, sau da yawa ma ya ɗara shi, tunda ya fi lulluɓe haƙoran rodi. Kamal Khayat, wanda ya yi aiki a kai a Jami'ar Sherbrooke ta Kanada tun shekarun 1990, ya nuna cewa in kwaɓin ya haɗu da kyau ruwa ba ya tasowa, ragin da rodin sama ke samu yana raguwa. Sharaɗin nan shi ne komai. Kwaɓin da ya ware zai iya zama mafi muni fiye da wanda aka saba.

A kan zare kuwa, sakamakon bai kai yadda masu tallarsa ke faɗa ba, amma yana da amfani daidai inda ake tsoro. In lulluɓi mai kauri ne, rodi zamewa zai yi, zare bai cika ƙara wani abin kirki ba. In lulluɓi siriri ne, ko a wurin goyo, inda tsagewa ce ajali, a nan yake aiki. Ayyukan M. H. Harajli na Jami'ar Amurka da ke Beirut suna cikin waɗanda suka nuna zaren ƙarfe na ɗaga ƙarfin riƙo a irin wannan hali, kuma abin da ya fi haka, yana sa riƙon ya riƙa saki a hankali maimakon ya yanke. A ganina wannan ya fi kowace lamba daraja. Bim ɗin da ya tsage, ya sunkuya, ya yi ƙara, ya ba mutane damar fita, da wanda ya rufto farat ɗaya, tsakaninsu rayuka ne.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karanta irin waɗannan sakamako ya riƙe. Gwajin jan rodi daga dunƙule yana yi wa kankare alfarma, domin injin na danne shi ta yadda ba ya samun damar tsagewa kamar a gini. Gwajin da ya fi faɗin gaskiya shi ne a yi cikakken bim mai goyo a tsakiya a danne shi har ya karye, sai dai ya fi tsada, shi ya sa ba a cika yin sa ba. Na biyu, zare da malala kishiyoyin juna ne. Kowace waya da aka ƙara na rage gudun kwaɓi. In zaren ƙarfe ya doshi kashi ɗaya cikin ɗari na girman kwaɓin, wato kusan kilo 80, yakan fara dunƙulewa yana maƙalewa a jikin rodi, sai a koma ga kogon da ake gudu tun farko. Wayoyin kuma kan jeru ne bisa hanyar da kankare ya bi ya malala, don haka inda aka tsaya aka zuba yana shafar inda ƙarfin zai kasance.

Rana, gishiri da wuta

Gwajin da aka yi a ɗaki mai sanyi a Kanada sai an sake duba shi kafin a kai shi Makka. A Hajjin 2024 zafi ya kai kusan digiri 52 a Harami, alhazai sama da 1,300 suka rasu. A irin wannan rana kwaɓi na rasa laushinsa tun yana cikin mota, balle in cunkoson hanya ya tsare ta. Shi ya sa manyan ayyuka a yankin kan zuba kankare da dare, a kuma sa ƙanƙara a madadin wani ɓangare na ruwan kwaɓi. Fatar kankare kan bushe kafin cikinsa ya kama, ta tsattsage, kuma a nan zaren roba ke da amfani.

Gishiri ma tsohon abokin gaba ne. Masu bincike a Jami'ar Sarki Fahad da ke Zahran sun ga yadda gine-ginen gabashin Saudiyya na zamanin bunƙasar mai suka fara zubewa cikin shekara 10 zuwa 15, saboda gishirin da ke cikin yashi, ruwa da iska. Tsatsa na kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci, ta tsaga lulluɓi daga ciki, ta kuma cinye haƙoran rodi. Makka na da tazarar kilomita wajen 70 daga teku, amma gurɓataccen yashi ko ruwa na iya kawo gishiri har cikin kwaɓi. Kankare mai ƙarancin kogo da ƙananan tsagu ya fi hana shi isa ga ƙarfe. A Jizan ma kamfanin Aramco ya kauce wa ƙarfen, ya gina magudanar ambaliya ta wajen kilomita 21 da rodin zaren gilashi.

Sai wuta. Rukunin benen agogo ya yi gobara sau biyu lokacin gininsa, a 2008 da 2009, garin kuma cike yake da hanyoyin da aka huda cikin duwatsu. Kankare mai matsi in ya sha wuta tururi ba ya samun mafita, sai fatarsa ta riƙa fashewa tana barin rodi tsirara, kamar yadda ya faru a gobarar 1996 a hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa. Zaren roba na narkewa a wajen digiri 160 ya buɗe wa tururin ƙofofi.

Masu ja da baya

'Yan kwangila suna da hujjarsu. Sinadarin na da tsada, kilon zaren ƙarfe ya fi kilon rodi kuɗi, kuma kwaɓin ba ya yafe kuskure: yashi ya ɗan jiƙe fiye da jiya, lissafi ya rushe. Ga katako. Kankaren da ke malala yana tura bango kamar ruwa, a ƙasan ginshiƙi mai mita uku turin na iya kai tan bakwai a kan murabba'in mita, kuma ko 'yar ƙaramar kafa ya samu zai tsiyaye.

Masu goyon baya na amsawa da cewa a lissafa duka: ma'aikata sun ragu, aiki ya yi sauri, gyaran ramuka ya kau, ƙarar inji ta tafi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a gefen masu sallah.

Masu rubuta ƙa'idoji kuwa a hankali suke takawa. Ƙa'idar Amurka tun 2008 ta yarda zaren ƙarfe ya tsaya a madadin mafi ƙarancin zobba a wasu bim, amma lissafinta na tsawon goyo bai yi rangwame don an sa zare ba. Ina tare da su a nan. Rodi ana ganinsa, ana ƙirga shi, ana auna shi kafin a zuba kankare. Zare kuwa ba mai iya rantsewa nawa ne ya gitta wata tsaga a wani lungu.

Daga Masfala zuwa titin Beirut

Wannan magana ta shafe mu ta fuska biyu. Nijeriya kaɗai ta samu kujerun Hajji wajen dubu 95 a 2024, kuma da yawan alhazanmu a benayen Masfala da makamantansu suke kwana makonni. Ta biyun ta fi kusa. A Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas, sama da mutum 40 suka mutu. A Agustan 2022 bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut, cikin kasuwar waya ta Kano. A Yulin 2024 ginin wata makaranta a Jos ya danne ɗalibai, fiye da 20 suka rasu.

Ba zan ce a kawo kankare mai zare a yi shago da shi a Kano gobe ba. Wanda ke auna yashi da baro, ruwa da bokiti, wannan kwaɓi zai cuce shi ne. Abin da binciken ya tabbatar ya fi haka sauƙi, kuma ba ya buƙatar sinadari. Goyo ya kai tsawonsa, kada mai ɗaurin rodi ya rage don a samu rara. A sa biskit, wato 'yan gutsattsarin kankare, a ƙarƙashin rodi ya ɗaga daga katako, lulluɓi ya samu kauri. Rodin da ya sha laka ko baƙin mai a goge shi. A yi hayar injin girgiza a daina bugun katako da guduma. A hana ƙara ruwa, a kuma shayar da dakin aƙalla mako guda.

Sai shi kansa rodin. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, SON, ta sha kokawa kan rodi marar inganci a kasuwa, wanda ake kira milimita 12 alhali bai kai ba, kuma haƙoran da ba su fito sosai ba illarsu ba ta gaza ta rashin kauri ba. Sassan injiniyan gine-gine na jami'o'inmu, irin su Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano, sun daɗe suna gwada kayan gida a kankare, har da tokar ɓuntun shinkafa, wadda za ta iya zama garin da kankare mai kwanciya da kansa ke buƙata. Aikin da nake so in ga sun yi kafin wannan shi ne su shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, su sayi rodin kowace masana'anta kamar yadda mai ginin gida zai saya, su binne shi a kwaɓin da leburorinmu ke yi a zahiri, su ja shi a inji, sannan su buga sakamakon da Hausa, sunan kowace masana'anta da lambar da ta samu, a liƙa a bakin kasuwar.